Gadin Gashin Ido

Bari in fara da wautata tun kafin wani ya riga ni faɗa, don a Roni magana ba ta kwana a ciki. Ni ɗin nan, da gemuna fari tas, da jikoki har da mai jego, na zauna a rumfata ta faci da rana tsaka na shafa wa fatar idona sholisho. E, sholishon da kuka sani, wanda nake liƙe tub da shi. Ba aljani ne ya shige ni ba, kuma ban sha komai ba. Da hankalina na yi, ina riƙe da madubin babur a hannun hagu. Abin da ya biyo baya, duk wanda ya je masallacin Juma'a a makon ya gani da idonsa, ni kuwa da ido ɗaya na ga masu kallon nawa. Wannan na yarda wauta ce. Amma sauran abin da na yi, wanda aka fi yi min dariya a kansa, ban yarda wauta ba ne, kuma gobe aka sake zan sake.

Sana'ata faci. Aji uku na yi a firamare, ni da malamin muka ga ba mu dace da juna ba, muka rabu lafiya. Matata kuwa, wadda nake kira Tsohuwa ita kuma take ce min Malam, ko da yake har yau ban san wanda ya ba ni malantar ba, 'yar wani ƙauye ce a bayan Gwiwa. Lokacin da na auro ta tana da gashin ido dogo baƙi wuluk irin na ɗan maraƙi. In ta ƙifta sai ka ji kamar an yi maka fifita.

Bayan haihuwarta ta huɗu ciwo ya soma. Fatar idon ta riƙa naɗewa ciki, gashin ya juya yana sukar ƙwayar idon. Duk ƙiftawa kamar an watsa mata yashi. A ƙauyensu tsofaffin mata da yawa haka suke, kowacce da ɗan hantsakinta na cire gashi rataye a wuya da zare kamar laya. Ita ma ta rataya nata. To amma mutum ba ya iya cire gashin idonsa da kansa ya fita daga tushe, sai ya karye ya fi da suka. Don haka ni ne mai cirewa. Ranar Juma'a da hantsi, a tsakar gida inda haske yake, sai ta shimfiɗa tabarma ta ɗora kai a cinyata, in ɗaga fatar da babban yatsa, in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta cewa uffan, sai dai hawaye ya gangara ya jiƙa min wando. Kuma abu ɗaya nake alfahari da shi, na sha faɗa a majalisa: hannuna bai taɓa rawa ba. Mutumin da ke zare ƙayar aduwa daga taya bai huda tub ba, gashin ido ne zai ba shi tsoro?

Haka muka yi shekaru, har yaran da ta goya a lokacin suka yi nasu yaran. Daga baya aka yi mata aiki a asibiti a Kazaure, aka mai da fatar mazauninta. Ciwo ya tafi, gani ya tsira, alhamdu lillahi. Gashin ne bai dawo ba, sai 'yan guntaye nan da can kamar gonar da fara ta bi. Bakin fatar ya yi fayau, ja-ja. A wani gidan suna wata mata ta ce wa ta kusa da ita, tana tsammanin ba a ji ba, wai idon ya koma na kaza. Tsohuwa ta ji. Ba ta gaya min ba sai bayan shekara. Baƙin tabarau da aka ba ta bayan aiki, wanda aka ce ta sa na 'yan kwanaki, shi ke nan ya zauna a fuskarta. Da shi take soya ƙosai a ƙofar gida kowace safiya, da shi take zuwa biki, da shi take zuwa gaisuwar mutuwa. In aka ɗago waya za a ɗauki hoto, nan take za ta tuna ta bar tukunya a kan wuta. A gidanmu akwai hoton kowa, har na wani rago da muka taɓa yin layya da shi. Nata babu, in ban da na katin zaɓe, shi ma yana can ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwa.

Sai auren autarmu ya taso. Angon wani mai sayar da hatsi ne a Babura, su suka ga juna suka daidaita, mu dai aka zo aka gaishe mu. Yarinyar ba ta nemi komai a wurin uwarta ba sai abu ɗaya.

"Inna, hoto ɗaya nake so. Ni da ke. Ba tabarau."

"Ki ɗauka da yayyenki."

"Da ke na ce."

"To ba za a yi ba."

Auta ba ta yi kuka ba, halin uwarta ne da ita. Ta ce to shi ke nan, ita ma ba za ta tsaya gaban mai hoto da kowa ba, har angon. Na dubi wannan na dubi waccan, na san in aka bar su haka za a yi biki a watse, yarinya ta tafi Babura da abin a ranta, uwar ta zauna da shi a nata.

Jikata ce ta kawo mafita, 'yar babban ɗanmu da ke aure a Kazaure. Ta koyi kwalliyar amare, a ɗakinta take yi. Ta ce akwai gashin ido na kanti da ake ɗorawa ƙwaya-ƙwaya da wani gam na musamman a kan guntayen da mutum yake da su, ba irin na yini ɗaya da ake ɓarewa da dare ba. In an kula da shi yana kai mako biyu har ya ɗan gota. Ta ce ta tambayi ma'aikaciyar ido, an ce tun da wurin ya warke da daɗewa ba laifi, in ya yi ƙaiƙayi a cire. Sai dai cikinta ya tsufa, ko yau ko gobe, don haka a kawo Kaka yanzu tun tana iya sunkuyawa.

Kafin in kai ta sai da na je wurin malamai, don ni ba na wasa da abin da ya shafi sallah. Na farko na ce masa wani abokina ne ke tambaya ko ya halatta matarsa ta sa irin wannan gashin. Ya ce in gaya wa abokin nawa ya ji tsoron Allah. Na yi godiya. Na je wurin wani dattijo da labarin abokin nan, ya tambaye ni: ado ne kawai, ko rufe abin da ciwo ya ɓata? Na ce ciwo ne. Ya ce malamai sun saɓa a kai, akwai masu sassautawa in lalura ce, muddin ruwan alwala zai taɓa fata. Da zan tashi ya ce in gai da abokin nawa, in ce Allah ya ƙara wa maiɗakinsa lafiya, yana faɗa yana kallon gemuna yana murmushi. Na ɗauki amsa ta biyun na sa a aljihu. Mai ja ya je ya ja da shi, ni mai faci ne.

Yadda aka yi Tsohuwa ta yarda ta hau babur ɗin, wannan tsakaninta da autarta ne. Ni dai na kai ta da sassafe, na zauna a zaure har gindina ya mutu. Da aka kira ni na shiga, sai na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Ba dogo aka sa mata ba irin na 'yan matan yanzu mai kama da tsintsiya. Daidai aka sa. Matar da na ɗauko daga bayan Gwiwa ce zaune a bakin gado, ta tsufa kawai. Tana riƙe da madubi tana cewa, "Kai, wannan ai rashin kunya ne, da tsufana." Amma ba ta ajiye madubin ba.

Jikata ta yafito ni. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, ni angonta ita amaryata.

"Tsoho, matso, kai zan gaya wa, don Kaka ba ta jin magana."

"Ina jin ki, amarya."

"Gam ɗin nan abu uku ba ya so: mai, tururi, da hannu. Ban da basilin, ban da man shanu, kwalli ma a haƙura da shi. Kada ta sunkuya a kan tukunya. In ta yi alwala ta wanke fuskarta yadda ta saba, amma kada ta goge da zane, a yi mata fifita ya bushe. Kada ta kwanta a kan fuskarta. Ga ɗan buroshi, kullum da safe a taje shi sama a hankali."

"Ƙosai fa?"

"Ƙosai ai shi ne babban maƙiyi. Ga mai, ga tururi, ga hayaƙi ya sa ta murza ido. Kwana uku ba zai yi ba."

"To ke da kike amaryata, ki zo ki soya mana."

"Da wannan cikin? Ka auri wata."

A hanyar komawa Roni na tuƙa babur yadda ban taɓa tuƙawa ba, don kada iska ta ɗebe mana kaya. Amalanken shanu ya wuce mu, mai shi ya waiwayo ya tambaya ko mai ne ya ƙare.

Da muka isa gida ta mai da tabarau, ta sa na yi mata alkawari: ba wanda zai sani sai ranar. Ta ce in ya zube kafin lokacin, kada a ce tsohuwa ta yi kwaɗayin ƙuruciya ta ji kunya sau biyu. Na ce na ji. Sai maganar ƙosai. In hayaƙi bai tashi a ƙofar gidanmu da safe ba, kafin hantsi matan unguwa sun cika ɗakin suna tambayar jiki, wata ma ta ce cire tabarau in ga idon. Auta tana gidan gwaggonta ana mata gyaran jiki. 'Ya'yanmu mata kowacce tana ɗakin mijinta. Na duba gidan kaf, ban ga kowa ba sai ni.

Washegari na fito da kasko.

Ita tana daga cikin zaure bayan asabari, tana ba da umarni kamar direban da aka ƙwace wa mota. "Malam, buga ƙullun, bai tashi ba. Malam, man bai yi zafi ba. Malam, juya, yana ƙonewa!" Kaskon farko ya fito kamar duwatsun Roni, in ka jefi kare da ɗaya sai ya kai ƙara. Na biyu ya sha mai ya kwanta. Kafin na uku, layin ya cika da mutanen da ba su taɓa sayen ƙosai ba a rayuwarsu.

Ina da aboki Bafulatani, dillalin shanu, tun muna samari muke tare. Mu asalinmu Barebari ne, don haka kullum cikin faɗan wane ne bawan wani muke. Shi ya fara ratso taron.

"La'ilaha illallahu! Bawana, yaushe aka yi maka ɗaurin ƙirji?"

"Tun ranar da ubangidanka ya ga dama. Za ka saya ko kallo ka zo?"

"An shanye ka, Babarbare. A kunu aka ba ka ko a nono?"

"A nono, kuma na gidanku ne, rabinsa ruwa. Da mai kyau ne da yanzu har kitso ina yi."

Aka kwashe da dariya. Ya ɗauki ɗaya ya ciza, ya dafe muƙamuƙi ya ce zai kai ni wurin mai unguwa in biya shi haƙori.

Wannan wasa ne. Akwai wanda ba wasa ba. Wani ɗan acaɓa da na girmi ubansa ya tsaya a kan babur ya ce ashe garin ya samu sabon ɗan daudu. Na ce masa ya yi kyau, ranar da tayarsa ta sace ya kai wa namiji. Da yamma ƙanena ya zo har gida, ya yi zama irin na mai kawo labarin rasuwa.

"Yaya, ana magana a gari."

"Me ake cewa?"

"Ana cewa ka zama mijin ta-ce. Ga surukai za su zo daga Babura. In ba ta da lafiya ne a faɗa, in aiko da yara su taya ta."

"Lafiyarta ƙalau."

"To me ya sa?"

"Ta ce."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa. Wallahi maganar tana bakina, kalma biyu za ta wanke ni. Na haɗiye ta. Ni da ban taɓa riƙe sirrin kowa ya kwana ba.

Ba ƙosai kaɗai ba, har tuwon dare ni nake tuƙawa, don tururinsa ya fi na komai. Na gane cewa muciya ta fi ƙarfen cire taya cin kafaɗa. Sauran dabarun kuwa daga rumfata suka fito. Gilashin tabarau yana gogar gashin in ta ƙifta, sai na yanko 'yar robar tub na naɗa a inda yake zama a karan hanci, ya ɗan matsa gaba. Tana da halin juyawa ta kifa fuska in barci ya yi nisa, sai na samo tub ɗin baro, na ɗan hura masa iska, na naɗe shi da zane ya zama kamar gammo, ta sa ƙeya a ramin. Ta ce ta zama tulu. Na ce tulun ma ai don ana ji da shi ake masa gammo. Bazara ce, gumi kamar a matse mutum, na sa ta ɗaura ƙyalle a goshi ya tare shi. In ta yi alwala ina tsaye da mafici. In ina rumfa na ji kiran sallah, sai in bar mai babur da tayarsa a kwance in ce ina zuwa.

Kullum da hantsi kuma, bayan na sauke kasko, sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a wurin nan dai, ta ɗora kai a cinyata. In ɗauki ɗan buroshin in taje su sama.  Hantsakin yana nan a wuyanta, ba ta taɓa cire shi ba ko bayan aikin. Na ga zaren, na kau da kai.

Muna cikin haka, saura kwana kaɗan, sai ga waya daga Babura: baffan ango ya rasu. Aka ɗaga biki sai bayan sadakar bakwai, da 'yan kwanaki a kai don mutanensu na tsallaken iyaka su samu dawowa. Allah ya ji ƙansa, ban san shi ba, amma na yi masa addu'a da zuciya biyu. A makon nan kuma jikata ta sauka, namiji, ta sha wuya, ko zama ba ta iya yi sosai. Na ce wa Tsohuwa akwai wasu masu kwalliyar a Kazaure. Ta ce ba baƙuwar da za ta buɗe wa idonta. Na san in ta faɗi haka an gama.

Gashi kuwa ya soma sallama. Da safe in duba zanen gammon in ga ɗaya, wata rana biyu, yawanci na hagu. Ina tsince su ina tarawa a kwalin ashana, ban san me zan yi da su ba, na dai kasa zubarwa. Ina zaune a rumfa wata rana ina kallon kwalin, ina kallon gwangwanin sholisho, sai shaiɗan ya zo ya zauna a tsakaninsu. Na ce a raina, abin da ke riƙe tub a kan kwalta mai zafi da buhu uku na gero a kai, gashi ɗaya ne zai gagare shi? Allah ya taimake ni da ragowar hankali guda: na ce bari in gwada a kaina tukuna.

Na gwada. Abin ya shiga kamar an ɗiga min barkono da wuta tare. Na runtse, fatar sama ta kama ta ƙasa. Na ja da ƙarfi ta buɗe, ta taho da gashin idona na gado gaba ɗaya. Kafin la'asar idon ya yi kamar ƙwan agwagwa. Mai kemis sai da ya fita waje ya gama dariya sannan ya dawo ya wanke min ya ba ni magani, ya ce saura ƙiris da na huta da ganin duniya ta gefen hagu.

Da na shiga gida Tsohuwa ta ɗaga tabarau ta dube ni. Na gaya mata gaskiya. Ta yi dariya har ta zame daga kan kujera, hawaye na zuba, ta kai hannu za ta murza, na yi tsalle na riƙe hannayen biyu. Haka muka tsaya, ni da ido ɗaya, ita tana shessheƙa, ina cewa, "Ke, kada ki taɓa! Dariyar ma a hankali!" Jikata kuwa da ta ji a waya cewa ta yi, "Tsoho, in gwangwanin nan ya shiga gidan Kaka, aurenmu ya mutu." Na ce na tuba. A gari aka ce man ƙosai ne ya fallatsar min, aka ce alhakin maza ne. Na bar su a haka.

Daga ranar na daina dabara, na koma gadi kawai. Abin da ya faɗi ya faɗi, abin da ya rage a tsare shi.

Ranar yinin biki ta zo. Idonta na dama yana nan da kyansa. Na hagu ya yi giɓi a tsakiya kamar bakin tsoho. Da safe ta daɗe tana kallon madubi, sannan ta mai da tabarau. 

Bayan la'asar ina waje cikin maza, cikin babbar rigata, sai babbar 'yata ta leƙo ta yafito ni. Ta ce mai hoto ya gaji da jira, auta tana tsaye cikin kwalliyarta ta ƙi a ɗauke ta, Inna kuma ta ƙi cire tabarau, dangin ango sun fara kallon juna.

Namiji ba ya shiga taron mata ranar yini, balle uban amarya. Na shiga. Tsakar gidan cike, mata har bakin rijiya. Wata ta hango ni ta ce, "Ga mai ƙosai!" Aka ɗau guɗa da shewa. Idona a lokacin ya sace kaɗan, amma ya yi shuɗi-shuɗi, fatar fayau ba gashi ko ɗaya. Na ratsa su har inda take zaune, na ce da ƙarfi, "Mai hoto, gyara abinka, da ni za a yi. A hagunta zan tsaya."

Ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ka fita, kana ba ni kunya."

"Ba inda za ni. Ke, dubi idon nan nawa da kyau. Wa zai bar wannan ya tsaya neman giɓi a naki?"

"Malam."

"Na soya, na tuƙa, an kira ni sunan da ba a taɓa kiran ubana da shi ba. Ko ki cire, ko in cire hula in taka rawa a nan gaban surukanki."

Ta san zan yi. Shekarunmu tare sun isa ta sani. Ta dubi autarta, yarinyar ta miƙo mata hannu kawai. Tsohuwa ta tashi. Ta sa hannu biyu ta zare tabarau, ta miƙa min, ta ɗaga kai.

 Sai guɗa ta tashi, irin wadda ke shiga kunne ta fita ta ƙeya. Na nemi matar nan mai maganar kaza da idona mai kyau, don na yi tanadin kallon da zan yi mata. Na same ta. Ita ce ta fi kowa guɗa, tana cewa, "Masha Allahu, Yaya, ashe haka kike!" Ta manta ta taɓa faɗin komai. Na rasa inda zan kai kallon nawa.

Aka ɗauke mu mu uku. Sai auta ta ce, "Baba, to matsa." Na matsa. Aka ɗauke su su biyu, kamar yadda ta roƙa tun farko.

Kafin magariba motocin Babura suka zo. Da aka fito da yarinyar, Tsohuwa ta fashe da kuka, ta kama bakin zanenta da hannu biyu ta murza idon nan, ta murza, ta sake murzawa. Ina tsaye ina kallon wahalata tana tafiya a jikin atamfa. Hannuna ya ɗaga da kansa, na mai da shi aljihu.

An yi magana bayan nan, ba za a fasa ba. Wasu suka ce tsohuwa ta yi abin 'yan mata. Wasu suka ce na zubar da girman gida da na shiga cikin mata. Ƙanena har yau in ya tuna sai ya girgiza kai. Duk wanda ya kawo min tasa na ba shi amsa daidai da ita, wani ma na ƙara masa gyara. Abokina Bafulatani da na nuna masa hoton a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce matar dai ta yi kyau, amma wane ne wannan bawan mai ido ɗaya da aka bari ya shiga? Na ce ubangidansa ne.

Kwana biyu da biki ta karɓi kaskonta. Ta fito ƙofar gida ba tabarau, idon fayau kamar da, ta zauna ta hau suya. Masu saye suka duba, suka sake dubawa, suka karɓi ƙosansu suka tafi. Tabarau yana wurina, ni na ƙarasa sa shi har idona ya warke. Na ce mata in jikarmu ta gama wanka sai in mai da ita Kazaure a sake sa wani. Ta ce a'a, wanda aka yi ya isa.

Ranar Juma'ar da ta biyo, da hantsi, na ga ɗan buroshin a kan taga. Na ce mata akwai 'yan ƙwayoyi da suka rage a idon dama, ta zo in taje mata kada su tafi a hargitse. Ta dube ni kamar za ta ƙi, sai ta ɗauko tabarma. Ta ɗora kai a cinyata. Zaren nan babu shi a wuyanta, ban tambaya ba. Ina tajewa ina cika baki yadda na saba, ina cewa ta gode wa Allah da ya ba ta miji mai tsayayyen hannu, da wani ne da tuni ya tsokale mata ido tun zamanin hantsaki.

Idonta a rufe, ta ce, "Malam, duk shekarun nan da kake cire min su, hannunka rawa yake yi. Shiru kawai na yi maka."